Wa Ya Yi Aikin Wuta? Matafiyi a Gidajen Ɗanyen Abinci

Kalmar “ɗanye” ba ta da farin jini a bakin Bahaushe. Idan aka ce mutum ya yi ɗanyen aiki, ana nufin ya tafka abin da hankali bai tantance ba. Ɗanyen hukunci shi ne wanda aka yanke tun ba a ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, mai ɗanyen kai kuwa yaro ne da duniya ba ta gama horarwa ba. Ɗanyen kasko, in ji masu iya magana, ba ya kai ruwa bayan ɗaki. Ma’ana guda ce ke yawo a cikin waɗannan misalai: abin da bai ga wuta ba bai kammala ba, kuma ba a dogara da shi. Ɗalibin harshe zai lura cewa a wurare kaɗan ne kalmar ke samun yabo, kamar ɗanyar ciyawa da ɗanyen ganye, inda take nufin abin da bai bushe ba, yana nan da sauran ransa.

To, wanda ya tashi da wannan harshe a bakinsa, ranar da karatu ko fatauci ko taro ya kai shi Balin ko Landan ko Tokiyo, ya tarar da gidan abincin da ke tinƙaho da cewa babu murhu a cikinsa, kuma kuɗin faranti ɗaya ya fi na dafaffe, dole abin ya ɗaure masa kai. Yawancinmu hanya biyu muke bi. Wani ya yamutsa fuska ya wuce, ya dawo gida yana ba da labarin mutanen da ke cin kifi kamar muzuru. Wani kuma ya shiga, ya ji bayanin da ake yi masa da murmushi, ya fito da imanin cewa tuwo da miya ne ke kashe mu, lafiya duka tana cikin abin da bai taɓa tukunya ba. A ganina dukansu biyu sun tsallake tambayar da ta kamata matafiyi ya yi. Wuta tana da aikin da take yi wa abinci: tana kashe ƙwayoyin cuta da tsutsotsi, tana karya dafin wasu tsirrai, tana sauƙaƙa wa ciki narkarwa. Idan aka kawo maka faranti aka ce wuta ba ta taɓa shi ba, aikin nan bai ɓace ba. Ko dai wani abu ya yi shi a madadinta, ko kuwa an bar wa cikinka. Abin da ya kamata ka sani kafin ka sa hannu shi ne wanne ne daga ciki.

Gidajen da suka mai da ɗanye aƙida

Suna ɗaya ne ya haɗa gidaje iri biyu da ba su da dangantaka. Iri na farko shi ne na masu aƙidar cewa dafuwa ɓarna ce. Waɗannan ba sa sayar da nama ko kifi ko ƙwai, sai ganye da ƴaƴan itatuwa da ƙwayoyi irin su yazawa da gyaɗa da riɗi, kuma ƙa’idarsu ita ce kada zafin da zai taɓa abincin ya wuce digiri 42 zuwa 48 a ma’aunin Salsiyos, gwargwadon tsananin kowane gida. Tarihinsu bai yi nisa ba. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, ya buɗe gidan jinya a birnin Zurik a 1904, inda yake ciyar da marasa lafiya ɗanyun ƴaƴan itatuwa da ganye, bisa tunanin cewa ƙarfin hasken rana yana ajiye a cikinsu kuma wuta tana rage shi. Daga gare shi aka samo haɗin nan na jiƙaƙƙen hatsi da gurzajjen tuffa da Turawa ke karya kumallo da shi har yau. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya wasu ma’aurata, John da Vera Richter, suka buɗe gidan abinci marar wuta a Los Anjalas ta Amurka. Daga baya wani marubuci mai suna Edward Howell ya ba wa aƙidar rigar kimiyya, musamman a littafinsa na 1985, inda ya ce a cikin ɗanyen abinci akwai sinadaran narkarwa, waɗanda ake kira enzayim, zafi yana kashe su, jiki kuma sai ya wahala wajen cike gurbinsu.

Ba zan ɓoye ba, akwai gwaninta a waɗannan gidaje. Za a fere wani nau’in kabewa siri-siri ya zama kamar taliya, a jiƙa yazawa a markaɗa ta koma tamkar cuku, a yi waina da dabino da kwakwa ba tare da tanda ba. Ga Musulmin da ya sauka a garin da bai san mahautarsa ba, wurin yana da wani abin jan hankali na daban: babu fargabar naman alade, babu tambayar wa ya yanka. Mutum ya ci ya tashi da kwanciyar rai, in dai ya tambayi abin da ke cikin kofinsa, domin wasu daga cikin tsimammun abubuwan shan da suke sayarwa suna ɗauke da ɗan burbushin barasa da tsimuwa ke haifarwa.

Inda nake rabuwa da su shi ne wajen wa’azin. Batun enzayim ba ya tsayuwa. Sinadaran da ke cikin ganye na ganyen ne, domin amfanin kansa, kuma da sun isa ciki ruwan tsamin da ke can yake tarwatsa mafi yawansu, a narkar da su kamar sauran abinci. Jikin mutum yana ƙera nasa tun daga miyan baki har zuwa hanji, ba ya jiran latas ya ara masa. Gaskiya ne zafi yana rage wasu abubuwa masu amfani, bitamin C shi ne fitaccen misali, shi ya sa ba wanda ya ce a dafa lemo ko gwaiba. Amma akwai inda dafuwa ke ƙara abin da jiki zai samu. Jan sinadarin da ke cikin tumatir ya fi shiga jini idan an dafa shi da mai. A wani bincike da aka wallafa a 1998 a Beljiyam, an gano cewa jiki yana ɗaukar kimanin kashi 91 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, amma na ɗanye bai wuce kashi 51 ba. Sai kuma binciken jami’ar Gisan ta Jamus na 1999, wanda ya bi mutum 513 da suka daɗe suna rayuwa a kan ɗanyen abinci. Maza sun rage nauyin kusan kilo 10 a matsakaici, mata kilo 12, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba al’adarsu ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya. Masanin nan na jami’ar Habad, Richard Wrangham, ya kafa hujja da irin wannan sakamako a littafinsa na 2009, inda ya ce ƙananan haƙoranmu da gajeren hanjinmu shaida ne cewa ɗan Adam ya daɗe da zama mai dogaro da dafuwa.

A yi wa masu gidajen adalci: wannan bincike a kan waɗanda suka shekara da shekaru ne, cin dare ɗaya ba zai rame da kowa ba. Abin da nake ƙi shi ne matafiyi ya sayi aƙidar tare da farantin, ya kawo ta gida inda mata da yara ke fama da ƙarancin jini, ya fara raina tukunyar uwarsa. Uwar tasa kuwa ta san abin da mai wa’azin bai sani ba. Ta san rogo mai ɗaci yana kisa in ba a jiƙa shi an sarrafa ba, ta san ba a cin ɗanyen wake, ta san zogale da rama sai an tafasa kafin a kwaɗanta.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa wa mai ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da cewa dafuwar da ta kai digiri 70 ita ce ke kashe kusan dukkan ƙwayoyin cuta masu haɗari, kuma tsakanin digiri 5 da 60 shi ne inda suka fi hayayyafa. Na’urar busarwar da waɗannan gidaje ke amfani da ita a madadin tanda tana aiki ne a wajen digiri 40 da ƴan kai, abinci ya yi sa’o’i a ciki. Ke nan ƙa’idar da suke alfahari da ita ta ajiye abincin a tsakiyar yankin haɗari. Gidan da ya san aikinsa yana rufe wannan ɓaraka da tsananin tsabta da wanki da sanyin firji. Wanda bai sani ba, babu abin da ya tsaya tsakaninka da hannun wanda ya yanka ganyen.

Wanda ke ganin ganye ba ya cutarwa ya tuna da abin da ya faru a Jamus a 2011. Daga watan Mayu asibitocin arewacin ƙasar, musamman a Hambag, suka cika da masu gudawar jini, da yawansu ƙodarsu ta daina aiki. Abin da ya ba likitoci mamaki shi ne yawancin waɗanda abin ya kayar manya ne masu ƙoshin lafiya, kuma mata sun fi yawa, wato masu kula da abin da suke ci. Da farko aka ɗora laifin a kan kokwambar Sifen, manoman can suka yi asara mai yawa a banza. Daga baya bincike ya kai ga wata gona a jihar Saksoni ta Ƙasa mai samar da tsiron iri, irin wanda ake barbaɗawa a kan salak, sannan aka bi sawun irin har zuwa hulbar da aka shigo da ita daga Masar. Hulba dai da muka sani, wadda mata ke tafasawa su sha. Kusan mutum 4,000 suka kamu, fiye da 50 suka mutu. Dalilin a fili yake: ɗumi da laimar da iri ke buƙata don ya tsira su ne ainihin abin da ƙwayar cuta ke so, kuma wanki ba ya fitar da wadda ta riga ta shige cikin tsiron. Wannan ya faru ne a ƙasar da ruwan famfonta abin sha ne, masu duba abincinta kuma ba sa wasa. A duk gidan ɗanyen abinci, tsiro shi ne abu na farko da zan ture gefen faranti.

Inda ɗanye ya zama gado

Iri na biyu ba ruwansa da aƙida. Mutane ne da suka gaji cin wani abu ɗanye daga kakanni, suna dafa sauran abincinsu kamar kowa. A nan ne ƙyamar Bahaushe ta fi tsanani, kuma a nan ne ta fi rashin hujja, domin mafi yawan waɗannan al’adu sun yi wa tambayarmu tanadin amsa.

A ɗauki kifi. Abokin gabar mai cin ɗanyen kifin teku wata ƴar farar tsutsa ce da ake kira anisakis, wadda ke zama a cikin kifi, in ta shiga cikin mutum da rai ta kafa kai a bangon ciki ta haifar da murɗa mai tsanani. Likitocin Holan ne suka fara bayyana cutar a 1960, a jikin masu cin ɗanyen kifin da ƙasar ta shahara da shi. Ba su hana cin kifin ba, sai suka wajabta daskarar da shi kafin a sayar, cutar kuwa ta kusa ɓacewa. Yau dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta ce kifin da za a ci ɗanye sai an daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifiri na aƙalla sa’a 24, hukumar abinci ta Amurka kuma tana ba da shawarar kwana 7 a wannan sanyi. Ka ga a nan ƙanƙara ce ta yi aikin wuta, ko da yake rabin aikin ne, domin sanyi yana kashe tsutsa amma ƙwayar bakteriya barci kawai yake sa ta. Saboda haka mai fahariyar cewa kifinsa bai taɓa shiga firiza ba, a Turai, ko dai kifin na cikin ƴan nau’o’in da doka ta keɓe, ko kuwa yana gaya maka abin da ya kamata ya sa ka tashi.

A Japan, uwar wannan sana’a, doka ba ta tilasta daskarewa ba, an fi dogara da ido da wuƙar gwani. Mai yanka kifin sushi yakan yi shekaru yana koyo kafin a bar shi ya tsaya gaban baƙi. Ya san kifin da ake fasa cikinsa da zarar an kama, kafin tsutsa ta ƙaura daga hanji zuwa tsoka, ya san wanda ake jiƙawa da gishiri da ruwan tsami, ya san wanda sam ba a ba mutum ɗanye. Kifin salmon da yau ya cika kowane faranti, Japanawan da ba sa cin na tekunsu ɗanye saboda tsutsa. Mutanen Norwe ne suka yi ta tallata musu nasu na kiwo tun daga shekarun 1980, wanda ake ciyarwa da sarrafaffen abinci, har ya karɓu. Duk da wannan gwaninta, anisakis tana sahun gaba a cikin rahotannin gubar abinci da hukumomin Japan ke tattarawa kowace shekara, kuma ma’aikatar lafiyarsu tana ta nanata cewa koren yajin nan mai hawa hanci da ruwan tsami da gishiri ba sa kashe ta. Abin da ya burge ni da su shi ne yadda suke ja da baya idan al’ada ta ci rai. A 2011 mutum 5 suka mutu bayan cin ɗanyen naman sa a rassan wani kamfanin gidajen gashi. Daga 1 ga Yuli 2012 gwamnati ta haramta sayar da ɗanyar hantar sa a gidajen abinci, duk da masoyanta da yawa, domin bincike ya nuna ƙwayar tana iya kasancewa a can cikin hantar inda wuƙa ba ta isa ta fere. A 2015 aka haɗa da ɗanyen naman alade.

Mutanen Feru kuwa da lemun tsami suke “dafa” kifinsu. Ana yayyanka shi a zuba masa ruwan lemun da albasa da barkono, cikin ƴan mintoci tsokar ta yi fari ta yi tauri kamar ta ga wuta. Sunansa sebice, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al’adun duniya a 2023. Sai dai ido kawai tsamin ke yaudara, bai kai zafi kisa ba. A 1991, da kwalara ta ɓarke a gaɓar tekun ƙasar, ma’aikatar lafiya ta gargaɗi jama’a su dakata da cin ɗanyen kifi. Shugaban ƙasa na lokacin, Alberto Fujimori, don ya kare kasuwar masunta, ya fito a talabijin yana ci. A shekarar nan kaɗai fiye da mutum 300,000 suka kamu. Ba kifi kaɗai ya yaɗa cutar ba, gurɓataccen ruwa ne babban dalili, amma darasin matafiyi yana nan: abincin da ke da lafiya a shekarar lafiya yana iya zama wani abu dabam a shekarar annoba, kuma mai tallarsa ba shi ne zai gaya maka ba.

Na Turai zan bi ta kansu da sauri, sai dai akwai tarkon suna. Faransawa suna da tartar, niƙaƙƙen ɗanyen naman sa da gwaiduwar ƙwai a kai. A Beljiyam abu mai kama da shi sunansa “ameriken”, ɗalibin da ya je Burusel da Faransancin makaranta zai zaci soyayyen nama ne irin na Amurkawa, sai an ajiye masa ya ga ja jawur. A Jamus kuma akwai met, wanda ake shafawa a kan burodi da albasa, ana ganinsa a teburin karin kumallo da na taro. Ɗanyen naman alade ne, kuma ba kullum ake rubutawa ba. Abin lura a dukkansu shi ne niƙa. A dunƙulen nama ƙwayar cuta tana bisa fata ne, niƙa kuwa yana cuɗa ta har tsakiya, shi ya sa gidan kirki ke sara naman da wuƙa a lokacin da aka nema.

Ba sai an ƙetare teku ba. Da yawa daga cikin matafiyanmu ta Adis Ababa suke ratsawa, wasu har su kwana, kuma babu ƙasar da ta girmama ɗanyen nama kamar Habasha. A can gidan cin naman yakan kasance manne da shagon mahauci, sa yana rataye kana gani, ka nuna inda kake so a yanko maka. A kawo maka da wuƙa, kana yanka kana dangwala yaji mai suna mitmita. Wannan shi ne tire siga. Akwai kuma kitfo, abincin alfaharin ƙabilar Gurage, nama ne da aka sara ya yi laushi aka cuɗa da man shanu mai kayan ƙamshi. Abincin biki ne da karrama baƙo. Mahautan Kirista da na Musulmi daban suke, ana gane su da alamar gicciye ko jinjirin wata a jikin shago, don haka batun yanka yana da sauƙin warwarewa. A nan abin da ya tsaya a madadin wuta shi ne gajeren lokaci tsakanin yanka da ci, da kuma idon mai saye. Wannan yana rage ruɓa, amma ba ya taɓa tsila, wadda ƴaƴanta ke kwance a tsokar sa tun yana raye. Habashawa sun san da haka sarai, tun zamanin da suna shan furen wata bishiya mai suna koso don fitar da ita, yau kuma ƙwayar magani ta maye gurbinsa. Wato sun ƙidaya kuɗin abin sun yarda su biya. Baƙon da zai kwana biyu ya wuce, shi ma yana da damar yin nasa lissafin, kuma al’adar ta buɗe masa ƙofa: kitfo ana yin sa ɗanye, ana yin sa leb leb, wato an ɗan ɗumama, ana kuma dafa shi sosai ga wanda ya nema, ba tare da kowa ya ji haushi ba.

Ƴan’uwanmu Hausawan Sudan sun san marara, ɗanyar hanta da huhu da tumbin rago da ake yayyankawa da safiyar layya ko ranar walima, a haɗa da albasa da barkono da lemun tsami da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wadda suke kira dakwa, sunan da kunnen Bahaushe ba zai yi baƙunta da shi ba. A nan kam ina tare da hukuncin Japanawa. Hanta ba tsoka ba ce, kuma babu wuƙa ko lemun da ya isa cikinta.

Mu ma muna ci

Kafin mu yi wa kowa dariya, mu duba faifanmu. Muna cin yalo da gauta da gurji da aya, muna shan gumba wadda geronta bai ga wuta ba. Mai tsire yana yanka mana ɗanyar albasa da tumatir a kan allon da ya yanka nama. Latas, ko salati kamar yadda ake cewa a kasuwanninmu, ya zama abincin buɗa-baki, alhali wani ɓangare na wanda ake ci a Yamai daga lambunan kwarin Gunti Yena yake fitowa, na Kano kuma daga bakin Jakara, inda ruwan ban-ruwan ya haɗu da na kwatocin gari. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ta ce mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar abinci kowace shekara, 420,000 su mutu, kuma Afirka ce ke ɗauke da kaso mafi nauyi gwargwadon yawan jama’arta, da mace-mace kimanin 137,000. Mutumin da ya ƙi kifin Tokiyo don ƙyama, ya dawo ya ci salatin da ba a wanke da kyau ba, bai guje wa haɗari ba, saba da baƙunta kawai ya bi. Sai dai kakanninmu, inda nama ya shigo, ba su yi sakaci ba. Kilishi rana ce ke busar da shi, amma bayan an tsoma shi a labu ya sake bushewa, sai an gifta shi a kan garwashi kafin ya shiga kasuwa. Mai nama shi ke neman wuta.

Abin da ya fi kayar da matafiyinmu a ƙasar waje, a ganina, kunya ce. Malamin jami’a ko abokin ciniki ya gayyace ka, ya biya kuɗi mai yawa, yana kallon fuskarka. Mu kuwa an rene mu a kan cewa baƙo ba ya mai da ƙwarya, kuma in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka. Sai mutum ya rufe ido ya haɗiye, ko ya ƙirƙiro azumin da bai ɗauka ba. Duka biyu babu buƙata. A ƙasashen nan tambayar abin da ke cikin abinci ba rashin ladabi ba ce, sun saba da ita saboda masu larurar da wani abinci ke tayar wa. Ka tambaya ko an daskarar da kifin, ko yanzu aka sara naman, ko akwai barasar girki a cikin miyar dangwale, domin girkin Japan yana yawan amfani da ita. Yadda ma’aikacin ya amsa ma amsa ce: wanda ya san aikinsa nan take zai faɗa, wani lokaci har da jin daɗin an tambaye shi. Ka kuma dubi garin kansa. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa, firji ba abin dogaro ba ne, inda kuma ba ka yarda ka sha ruwan famfo ba, to da shi aka wanke ganyen, da shi aka yi ƙanƙarar da ke cikin lemon.

Akwai waɗanda ba na ba wa zaɓi ko kaɗan: mace mai juna biyu, ƙaramin yaro, tsoho, da wanda ciwo ko magani ya raunana garkuwar jikinsa. Ɗanyen nama yana iya ɗaukar ƙwayar toksofilasma, ɗanyar madara da cukunta kuma listeriya, dukansu suna iya wuce uwa da ɗan zazzaɓi su illata abin da ke cikinta. Likitocin Faransa, ƙasar tartar da cukun ɗanyar madara, suna gwada jinin mai ciki tun farkon awo, in ba ta da kariya daga toksofilasma su riƙa maimaita gwajin kowane wata har ta haihu, su kuma hana ta abincin da ƙasarsu ke alfahari da shi. Matar da ta zo daga Maraɗi ko Garwa da cikin wata huɗu, ko da mai masaukinta ne ya miƙo mata farantin da hannunsa, a gidan sushi akwai naɗin soyayyen ƙwai da dafaffen jatan lande, a Adis Ababa kuma akwai tibs, wanda ake kawowa yana ƙara a kan kasko da garwashi a ƙarƙashinsa.